Hirar neman bayani: Yadda ɗalibi zai san sana'a kafin ya zaɓi fannin karatu

A 'yan shekarun nan, ɗalibai fiye da miliyan ɗaya da rabi ne ke rajistar jarrabawar UTME ta Hukumar JAMB a kowace shekara, kuma kowannensu sai ya rubuta fannin da yake son karantawa kafin ya kammala cike fom. Da yawa suna rubuta likitanci ko lauya ko injiniyanci ba tare da sun taɓa zama da likita ko lauya ko injiniya sun ji yadda aikin yake ba. Hirar neman bayani hanya ce ta rage wannan giɓi: ɗalibi ya nemi wanda yake cikin wata sana'a, ya roƙi minti ashirin ko talatin daga lokacinsa, ya yi masa tambayoyi kan aikin da kuma hanyar da ya bi ya kai gare shi. Sharaɗinta guda ne, wato mai tambaya bayani ya zo nema, kuma ba zai roƙi aiki ko gurbin karatu ko kuɗi ba.

Asalinta

Ana danganta sunan wannan hira da Richard Bolles, wani tsohon limamin coci a Amurka wanda ya fitar da littafinsa na shawarwari ga masu neman aiki a 1970. Ra'ayinsa shi ne mutum ya fara bincike kan sana'a daga bakin masu yin ta kafin ya aika takardar neman aiki ko ɗaya. A 1973 kuma masanin zamantakewa Mark Granovetter ya wallafa wata maƙala da ta yi suna, inda ya nuna cewa labarin guraben aiki yakan zo wa mutum ta hannun waɗanda ya sani sama-sama fiye da ta hannun aminansa. Dalilin a fili yake: aminai suna yawo ne a da'irar da mutum yake ciki, abin da suka sani shi ma ya sani, amma wanda ake haɗuwa da shi jefi-jefi yana ɗauke da labarin wani wuri daban.

A ƙasar Hausa ta da, ba a bukatar shirya irin wannan zama. Ɗan maƙeri a maƙera yake tashi, ɗan baduku a rumfar dukanci, kuma kafin ya kama aikin ya riga ya ga wahalarsa da ribarsa da idonsa. Ayyukan zamani kuwa a bayan ƙofa ake yin su, a ɗakin tiyata da ɗakin gwaje-gwaje da ofishin binciken kuɗi, wuraren da yaro ba shi da dalilin shiga. Abin da ya rage masa shi ne abin da yake gani daga waje, wato farar riga da motar ofis da laƙabin da ake sa wa suna.

Me ya sa take da muhimmanci a Najeriya

Tsarin karatun ƙasar nan yana tilasta yanke shawara da wuri. Tun daga ajin farko na babbar sakandare ake raba ɗalibai zuwa kimiyya da adabi da kasuwanci, lokacin da yawancinsu ba su wuce shekara goma sha biyar ba. Sannan jarrabawar UTME darussa huɗu ce, Turanci da wasu uku da dole su dace da fannin da aka zaɓa. Mai son likitanci sai ya haɗa da Fiziks da Kemistiri da Bayoloji, mai son lauya kuma yawancin jami'o'i suna neman adabin Turanci a gurinsa. Wanda ya gane kuskurensa bayan an zauna jarrabawa, damar sauya fanni da JAMB ke bayarwa ba za ta kai shi inda darussansa ba su dace ba, don haka sau da yawa sai ya jira wata shekarar.

Akwai kuma tsawon hanya, wanda ɗalibai ba su cika lissafawa ba. Likitanci shekara shida ne, sannan shekara ɗaya ta horo a asibiti kafin cikakkiyar rajista da majalisar MDCN. Lauya shekara biyar ne a jami'a, da ƙarin karatu a Makarantar Horar da Lauyoyi ta Najeriya kafin a rantsar da mutum. Injiniyanci shekara biyar ne, kuma rajista da COREN tana zuwa ne bayan an yi wasu shekaru ana aiki. Wanda ya karanta akanta yakan tarar cewa digiri somin-taɓi ne, domin takardar ICAN ko ta ANAN tana gabansa. Shirin SIWES, wanda Asusun Horar da Ma'aikata na ITF ya fara a 1973, yana kai ɗalibai wuraren aiki, amma yana zuwa ne bayan an yi nisa da karatu, lokacin da juyawa baya ta yi tsada.

Wani amfanin da ba a cika ambata ba shi ne faɗaɗa zaɓi. Ɗalibin da ya je asibiti da likitanci kaɗai a ransa zai iya fitowa da labarin masu ɗaukar hoton ƙashi da masu gashin ƙashi da masana gwaje-gwajen jini da masu harhaɗa magunguna, fannonin da kowannensu yake da digirinsa da hukumarsa.

Wa za a nema, kuma ta yaya

Mafi sauƙi a fara da na kusa: malamin ba da shawara na makaranta idan akwai shi, ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, abokan aikin iyaye, maƙwabta, da waɗanda ake haɗuwa da su a masallaci ko coci. Mutum ɗaya bai isa ba. Ya fi kyau a ji daga bakin uku masu matsayi daban-daban: ɗalibin da ke ajin ƙarshe a fannin, wanda bai daɗe da gama yi wa ƙasa hidima ba, da wanda ya shekara goma ko fiye yana aikin. Na farko ya san jarrabawowin da ke kayar da mutane, na biyu ya san halin da kasuwar aiki take ciki yanzu, na uku ya san inda hanyar take kaiwa. Idan aka samu wanda ya karanta fannin sannan ya bar shi, kada a raina nasa bayanin, domin shi ne zai faɗi abin da sauran za su iya sakayawa.

Roƙon ya zama gajere, ya ƙunshi suna da makaranta da wanda ya haɗa su da tsawon lokacin da ake nema. Misali, ɗaliba za ta iya cewa: "Ranki ya daɗe, ina ajin ƙarshe na sakandare, malamarmu ta Bayoloji ce ta ba ni lambarki. Ina tunanin karanta harhaɗa magunguna, ina roƙon minti ashirin in yi miki 'yan tambayoyi a duk lokacin da ya yi miki daidai." Ga yara 'yan sakandare, musamman mata, zaman ya kasance da sanin iyaye, a wurin aiki ko wani wuri na jama'a, kuma babu laifi a tafi tare da babba. Hira ta waya ma ta wadatar.

Tambayoyin da ke fitar da gaskiya

Tambayar "aikin nan yana da kyau?" ba ta haifar da komai sai "Alhamdulillahi". Wadda ta fi ta ita ce a ce wa mutum ya bayyana yadda ranarsa ta jiya ta kasance, daga fitowa gida zuwa komawa. A nan ne ɗalibin da yake hangen lauya a matsayin muhawara a gaban alƙali zai ji cewa yawancin lokacin lauya yana tafiya ne a karatu da rubuta takardu da jiran a kira shari'ar da ƙila a ɗage ta. A nan ne mai sha'awar injiniyan gine-gine zai ji batun watanni a bakin aiki nesa da iyali.

Bayan wannan, sai a tambayi abin da ya fi ba shi mamaki a shekararsa ta farko, da darasin jami'a da ya fi yi masa amfani da wanda bai taɓa waiwaya ba, da inda abokan karatunsa suke a yau. Wannan ta ƙarshe tana da nauyi, domin wanda aka zauna da shi galibi yana cikin waɗanda suka dace, kuma labarin ajinsu gaba ɗaya ya fi labarinsa shi kaɗai nuna haƙiƙanin fannin. Batun albashi kuwa ba a tambayar mutum nasa kai tsaye, wannan rashin ladabi ne. Ana tambayar abin da sabon shiga yake iya samu a gwamnati da kuma a kamfani mai zaman kansa. Kafin a tashi, a tambaya ko akwai wani da zai ba da shawara a gani.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a miƙa takardun makaranta a ƙarshen zama, ko a ce a taimaka da gurbin shiga jami'a. Da zarar an yi haka, mutumin zai ɗauka tambayoyin duk share fage ne, kuma ƙofar za ta rufe ga ɗalibin da ma wanda ya turo shi.

Bayan an dawo

A rubuta abin da aka ji a ranar, a aika saƙon godiya kafin kwana biyu. Sannan a tantance bayanan. Abin da ya shafi ƙa'ida, kamar darussan da ake bukata ko makin shiga ko amincewar Hukumar NUC da wani fanni a wata jami'a, a duba shi a kundin JAMB na shekarar da kuma shafin jami'ar, domin wanda ya gama karatu shekara goma sha biyar da suka wuce zai iya ba da tsohon bayani da zuciya ɗaya. Abin da ya shafi ra'ayi kuma a auna shi da halin mai maganar: likitan da aka samu bayan ya kwana a bakin aiki zai iya cewa kada kowa ya karanta likitanci. Idan mutum uku da ba su san juna ba suka ambaci matsala guda, ɗalibi ya kai ta gaban iyayensa su tattauna kafin a buɗe rajistar JAMB.