Na'urar Castaing da Tarihin Awon Sinadaran Duwatsu

Manufarmu a wannan takarda ita ce mu bi diddigin na'urar da ake kira maikurofurob, wadda masana duwatsu ke auna sinadaran ma'adinai da ita.

Kafin zuwanta, wanda duk ya so sanin abin da dutse ya ƙunsa sai ya niƙe shi, ya narkar da garin cikin asid, sa'an nan ya auna. Illar wannan hanya ita ce ma'adinai dabam-dabam kan cakuɗe, watau sakamakon na dutsen ne gaba ɗaya, ba na kowace ƙwaya ba. Ga shi kuwa tarihin dutse yana rubuce ne cikin ƙwayoyinsa.

Tushen maganin ya fito daga Ingila a 1913, lokacin da Henry Moseley ya nuna cewa kowane sinadari yana da hasken eksire irin nasa, gwargwadon lambarsa ta atam. A kan wannan ne Raimond Castaing, ɗalibin André Guinier, ya gina aikinsa na digirin dakta a Faris a 1951. Ya tattara ilektiron suka zama tsinke siriri, ya harba a kan wuri mai faɗin kimanin kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Tsawon zangon hasken da ya fito shi ke faɗin sinadarin. Ƙarfinsa kuwa, in an gwada da na samfurin da aka san haɗinsa, shi ke faɗin yawansa. Kafin 1960 kamfanin CAMECA na Faransa ya fara sayar da na'urar.

Sai dai masu nazarin ƙarafa ne suka fara cin moriyarta, domin dutse ba ya wuce da lantarki sai an goge shi an shafa masa kabon. Daɗin daɗawa, sinadaran da ke tare sukan shafi hasken junansu. A 1968 Bence da Albee suka fito da lissafin gyara mai sauƙi domin ma'adinai. Da kumbon Apollo 11 ya kawo duwatsun wata a 1969, na'urar ta taimaka wajen tantance sabon ma'adini, armalcolite, ba tare da an salwantar da samfurin ba.

A ƙarshe, muna jawo hankalin malamai ga abu guda: na'urar gwadawa take yi da samfuri. In samfurin awo ya gurɓata, lissafin duka ya rushe.