Mayaƙan da ke kan duwatsun Abzin



A Turai akwai masu wani wasa. Suna sayen 'yan sojojin dalma, ba su kai tsawon yatsa ba. Su shafa musu launi irin na mayaƙan Girka da Rum, su jera su bisa tebur, su yi ta yaƙin wasa. Kafin su shafa launin, sai sun duba zanen da mutanen dā suka bari.

To, mu ma an bar mana namu. A Iwelen, cikin duwatsun Abzin, arewa da Agadas, an sassaƙa mayaƙa a jikin dutse. Ga mutum riƙe da mashi. Ga raƙumin dawa. Ga karusa mai ƙafa biyu. Masu bincike sun tona wurin, suka sami kan mashi na jan ƙarfe, irin wanda ke cikin zanen. Shekarunsa sun haura 2,000.

Girkawa sun ji labarin irin wannan karusa. Wajen shekara 2,400 da suka wuce, Herodot ya rubuta cewa Garamanta, mutanen kudancin Libiya, suna da karusa mai doki huɗu.

Wata rana na kai ɗalibaina kallon wani zane. Wani dattijo, sabon shiga karatu, ya ɗauki tsakuwa zai rubuta sunansa bisa garkuwar mayaƙin. Na riƙe hannunsa, na ce: "Baba, ga takarda." Ya yi dariya, ya karɓa. Ya zana mayaƙin da mashinsa, ya sa sunansa a ƙasa.