Tarihin kwantiragi da 'yancin sauya ƙungiya a ƙwallon kwando

'Yancin sauya ƙungiya shi ne damar da ɗan wasa yake da ita, idan kwantiraginsa ya ƙare, ya yi ciniki da duk ƙungiyar da ya ga dama. A gasar NBA ta Amurka, wadda ta faro a 1946, an shafe shekaru talatin babu wannan dama. Akwai wani sharaɗi a takardar aiki da ya ba ƙungiya ikon sabunta kwantiragin ɗan wasa ko da ba ya so. Ko ya karɓi abin da aka yanka masa, ko ya jingine wasa.

A 1954 Bob Cousy na Boston Celtics ya kafa ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasa. A 1964, ranar wasan zaratan gasar a Boston, ana shirin nunawa a talabijin, 'yan wasan suka ƙi fita fili sai da aka yi musu alƙawarin fansho. Babbar gwagwarmayar ta zo a 1970, lokacin da shugabansu Oscar Robertson ya kai ƙara kotu don hana NBA haɗewa da kishiyarta ABA, domin takarar da ke tsakaninsu ce take ɗaga albashi. An yi sulhu a 1976, aka soke wancan sharaɗi. Duk da haka tsohuwar ƙungiya ta ci gaba da riƙe wuyan ɗan wasa, da farko ta hanyar karɓar diyya, daga baya ta hanyar biyan daidai abin da wata ta taya. Cikakken 'yanci sai a 1988, kuma Tom Chambers ne ya fara cin gajiyarsa, ya bar Seattle ya koma Phoenix.

Masu ƙungiyoyi ma ba su zauna ba. Tun kakar 1984-85 aka ƙayyade jimillar albashin kowace ƙungiya, dala miliyan 3.6 a lokacin. A 1998 suka rufe wa 'yan wasa ƙofa, aka buga wasanni 50 maimakon 82, aka kuma sa iyaka ga albashin mutum ɗaya.

Mutumin da ya kawo wannan tarihi kusa da mu shi ne Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, can ya koyi jefa ƙwallo a kwando. Ya zama babban manajan Denver Nuggets a 2010, ya tarar tauraronsu Carmelo Anthony yana shirin tafiya. Maimakon ya zuba ido ya tafi a banza, a Fabrairun 2011 ya miƙa shi ga New York Knicks, ya karɓo 'yan wasa da dama, ciki har da Danilo Gallinari da Wilson Chandler. Da ya koma Toronto Raptors kuwa, kasada ya yi. A Yulin 2018 ya ba da DeMar DeRozan, ya karɓo Kawhi Leonard daga San Antonio, alhali Leonard saura masa shekara ɗaya ya samu 'yancinsa. A Yunin 2019 Toronto Raptors ta doke Golden State Warriors, karon farko da ƙungiyar da ba ta Amurka ba ta ɗauki kofin. Wata guda bayan haka Leonard ya koma Los Angeles Clippers, a jiharsa ta haihuwa.

Wasu magoya baya sun ji zafin tafiyarsa, amma a ganina ba butulci ba ne. DeRozan ya yi kaka tara a Toronto, yana son zama, aka musanya shi ba da son ransa ba. Leonard ya jira wa'adinsa ya cika, sannan ya sa hannu a kwantiragin shekara uku na kimanin dala miliyan 103.