Tarihin Ƙira da Jarin Maƙeri

A cikin sana'o'in da Hausawa suka gada babu wadda sauran suka dogara gare ta kamar ƙira. Manomi ba ya fita gona sai da fartanya, mahauci ba ya fawa sai da wuƙa. Askar wanzami, da basillar baduku, da gizagon masassaƙi, duk daga hannun maƙeri suka fito. Abin mamaki kuwa, sana'ar nan da ke ɗauke da sauran ba ta bukatar kaya masu yawa. In aka kwashe kayan maƙerar ƙauye kaf, jaki guda ya ɗauke su. Duk da haka, shekaru aru-aru ba kowa ke iya shiga cikinta ba, gama abu biyu sun tare ƙofa, watau tsadar ƙarfe da gado. Tarihin ƙira ya nuna yadda ƙofar nan ta buɗe, har mai ƙaramin ƙarfi ya ke iya kafa maƙera da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Aikin ƙarfe ya daɗe ƙwarai a wannan ƙasa. A Taruga, kudu maso gabas da Abuja, wani Bature mai binciken kayan tarihi, Bernard Fagg, ya tono muraham narkar da tama cikin shekarun 1960, aka auna aka ga an yi aiki da su ɗaruruwan shekaru kafin haihuwar Annabi Isa. A gindin Dutsen Dala ma an sami alamun irin wannan aiki na wajen ƙarni na 7, haka kuma a Samaru ta Zariya an sami kufan muraham da kashin maƙera tuli. Labarin baka na Kanawa ya zo daidai da wannan, gama Abagayawa sun ce kakansu maƙeri ne, sunansa Kano, ya taso daga Gaya neman tama, ya same ta a Dala, ya zauna. Ashe ke nan tama tana cikin abubuwan da suka fara tara mutane a wurin da ya zama birni.

To, a zamanin nan samun ƙarfe shi ne jan aiki. Da rani, bayan an kawar da amfanin gona, masu narkar da tama su kan tare a daji inda akwai marmara mai tama. Su haƙo ta, su farfasa, su tsince mai kyau. Waɗansu su shiga saran itace, musamman ƙirya, domin gawayinta ya fi ƙarfin wuta, ba ya kuma saurin zama toka. Sa'an nan a gina murhu dogo da yumɓu, a jera bututun ƙasa a gindinsa domin iska ta shiga. A zuba gawayi, a zuba tama, a sake zuba gawayi, haka har murhu ya cika, kāna a sa wuta. Zafin irin wannan murhu ya kan kai wajen digiri 1,200 a ma'aunin santigiret, alhali kuwa tsantsar ƙarfe ba ya zama ruwa sai ya kai 1,538. Saboda haka dattin dutsen ne ke narkewa ya tsiyaye, ƙarfen kuwa ya dunƙule wuri guda, da huji-huji kamar soso. Wannan dunƙule shi za a farfasa a sayar wa maƙeri, shi kuma ya yi ta gasawa yana bugu, har datti ya fita, ƙarfe ya haɗe.

Wahalar ba kaɗan ba ce. Mutane da yawa su yi kwanaki suna haƙa da sara da gini, gawayi ya ƙone jibgi, abin da za a samu bai wuce ɗaukar mutum ɗaya ko biyu ba. Wani lokaci ma murhu ya ƙi, a tashi a tutar babu. Shi ya sa aka kewaye aikin da asirai da sharuɗɗa, a wurare da yawa ba a barin mata su kusanci murhu. Shi ya sa kuma ba a yar da ƙarfe. Garma in ta cinye, a mai da ita fartanya, fartanya in ta ƙare a fitar da wuƙa ko kibiya, guntun da ya saura a yi ƙusa.

Kayan maƙera kuwa, ban da ƙarfen, kusan duk maƙeri ke yi wa kansa. Akwai uwar maƙera, watau dunƙulen ƙarfen da a ke kafewa a ƙasa ko a kututture a yi bugu a kai. Akwai masaba ta bugu, da awartaki na kama ƙarfe mai zafi, da magagari na gyaran baki. Zuga-zugi fatar akuya ce guda biyu, a ɗaura musu bututu, a bi da iskar ta cikin ɗan ginin yumɓu zuwa ramin wuta. Da kasko na ruwa, da rumfa ta kare rana, shi ke nan maƙera ta tashi. Inuwar rumfar nan ma tana cikin kayan aiki, gama a cikin hasken rana ba a ganin launin ƙarfe sosai, maƙeri kuwa da launi ya ke gane zafi.

Abu na biyu da ya tare ƙofa shi ne gado. Ɗan maƙeri tun yana ƙarami ya ke zama bakin wuta, ya fara da zuga. Ya yi shekaru yana zuga yana kallo, kāna a ba shi ƙananan ayyuka, kamar sa ƙota da wasa baki, sa'an nan bugu. Sai ya ƙware uba ko maigida ya haɗa masa kaya ya zauna da kansa. An raba sana'ar gida biyu: maƙeran baƙi masu aikin baƙin ƙarfe, da maƙeran fari masu aikin azurfa da tagulla da farin ƙarfe, su ne masu yin mundaye da zobba. A manyan garuruwa maƙera suna da unguwanninsu, kamar Lokon Maƙera a Kano da Maƙera Assada a Sakkwato, suna da kiɗansu na dundufa, suna da Sarkin Maƙera. Ta hannunsa aikin fada ke biyowa, na masu da kibau, da linzami da likkafa, da marin ɗaure masu laifi. Littafin Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Sana'ar da ke riƙe da makaman sarki ba a sakinta ga kowa, masu ita ma ba su son a sani.

Ƙarfen waje ya fara shigowa tun kafin zuwan Turawa, amma kaɗan-kaɗan, a bayan raƙumi. Sa'ad da Heinrich Barth ya zo Kano cikin 1851, ya tarar da ruwan takubba na Solingen ta ƙasar Jamus a kasuwa, waɗanda a ke kawowa ta hamada, masu sana'a na Kano su sa musu ƙota da kube. Irin wannan kaya na masu hali ne, bai taɓa fartanyar talaka ba. Abin da ya juya al'amari ya faru ne a Ingila cikin 1856, da Henry Bessemer ya fito da dabarar hura iska cikin narkakken ƙarfe, ta yadda a ke samun ƙarfe mai ƙwari da yawa cikin ɗan lokaci. Ƙarfe ya yi arha a Turai, har aka shiga shimfiɗa shi a ƙasa mil dubbai domin jirgi ya bi.

An fara aikin hanyar jirgi daga Baro cikin 1907, ta iso Kano cikin 1911. Daga nan ƙarfe ya shigo ƙasar Hausa yadda ba a taɓa gani ba: guntayen dogo, da ƙusoshi, da durorin mai, da ɗamarar dilolin kaya, daga baya kuma ga matattun motoci. A daidai wannan lokaci cinikin gyaɗa ya buɗe, manoma suka faɗaɗa gonaki, bukatar garma da fartanya ta ƙaru. Cikin 1928 aka fara koya wa manoma huɗa da shanu, maƙera suka koyi gyaran garmar shanu da ƙera bakinta. Maƙeri ya duba ya ga sifirin mota guda ya fi dunƙulen tama kyau, ya fi shi arha, ba ya kuma bukatar a yi ta bugu kafin datti ya fita. Sai ya bar sayen ƙarfen gida. Masu narkar da tama suka rasa kasuwa, muraham suka mutu ɗaya bayan ɗaya. A ƙasar Adar ta Nijar aikin ya ɗan jima, har wata Bafaranshiya mai bincike, Nicole Echard, ta ɗauki hotonsa na majigi cikin shekarun 1960. Tsofaffin da suka san sirrin suka ƙare, sanin ya bi su.

Ita ƙira kuwa sai ta sami sabon rai. Guntun ƙarfen dogo ko na babbar mota ya zama uwar maƙera. A wurare da yawa fanka da a ke juyawa da wilin keke ta maye gurbin fatar akuya. Da ƙarfe ya zama abin tsinta a bola, sarauta kuma ta daina bukatar mashi, sai riƙon gado ya sassauta, wanda ba ɗan maƙera ba ya iya zama wurin maigida ya koya.

A Amurka da Ingila abin ya bi wata hanya dabam. Can maƙerin ƙauye da ƙera takalmin doki da gyaran keken doki da kayan noma ya ke ci. Da mota ta yawaita bayan 1908, tarakta ta kori doki daga gona, walda ta lantarki ta zo, sai maƙeru suka yi ta rufewa, har ya zama bayan Yaƙin Duniya na Biyu sana'ar ta kusa shuɗewa. Cikin 1969 wani mutumin jihar Jojiya, Alex Bealer, ya buga littafi mai suna The Art of Blacksmithing, inda ya tattara abin da ya samu daga tsofaffin maƙera. Littafin ya ta da sha'awar samari. Cikin 1973 waɗansu 'yan kaɗan suka taru a garin Lumpkin na jihar nan suka kafa ƙungiyar maƙera ta Amurka ta Arewa, wadda a ke kira ABANA, Ingila ma ta kafa tata cikin 1978. Cikin 1974 Alexander Weygers, wanda aka haifa a tsibirin Jawa, ya fitar da The Modern Blacksmith, yana koya wa mutane yin kayan aiki daga tsofaffin ƙarafa. Da yawa daga masu bin wannan hanya akawuna ne da malamai da leburori, suna ƙira ran hutu domin jin daɗi kawai.

Abin lura shi ne kayan da irin waɗannan masu sha'awa ke farawa da su in kuɗi ya yi kaɗan. Uwar maƙera irin ta Turai tana da tsada, saboda haka su kan nemi guntun dogo ko kan babbar guduma su kafe a kututture. Murhu, rami ne a ƙasa, ko akwatin katako cike da ƙasa, ko tsohon kaskon birkin mota. Iska, 'yar na'urar busar da gashi. Ƙarfen aiki, sifirin mota da tsohon magagari. In maƙerin Kano ko na Damagaram ya ga wannan, ba abin da zai zame masa baƙo, gama da irinsu ya ke ciyar da iyali tun zamanin kakansa. Abin da larura ta koya wa wani, sha'awa ta koya wa wani.

Saura abin da ba a tsinta a bola, watau sani. Ƙarfe a wuta ya kan fara da ja mai duhu, ya koma ja wur, sa'an nan ruwan goro, sa'an nan rawaya. Tsakanin ruwan goro da rawaya a ke bugu, da ma an ce da zafi-zafi a kan bugi ƙarfe. In ya yi fari yana tartsatsi, ya ƙone, in kuwa aka ci gaba da bugu bayan ja ya gushe, ya tsage. Ba kowane ƙarfe ke yin wuƙa ba. Sifirin mota yana da sinadarin gawayi wajen kashi 0.6 cikin 100, shi ya sa ya ke ɗaukar kaifi, ƙusa kuwa nata kaɗan ne, kome aka yi mata ba ta riƙe baki. Wajen ƙarfafa baki, a kan gasa shi har maganaɗisu ya daina kama shi, watau wajen digiri 770, a ɗan ƙara, a tsoma cikin mai. A nan ya yi tauri amma yana da gautsi kamar kwalba, sai a goge shi a sake ɗumama shi sannu, wajen digiri 200, har ya yi launin kara, kāna ya yi ƙwari. Akwai kuma abin tsoro: ƙarfen da aka shafe da tutiya, irin na bututun ruwa da kwanon rufi, hayaƙinsa yana sa zazzaɓi, gawayi kuwa a ɗaki rufe yana kisa.

Duk wannan ana iya rubuta shi a takarda, amma ido da hannu ba su koyonsa sai a bakin wuta. Turawa sai da tasu ƙirar ta kusa mutuwa suka bi tsofaffi da alƙalami suna tsintar abin da ya saura. A ƙasar Hausa maƙera suna nan da ransu, a kasuwannin ƙauye da unguwannin birni, ko da ya ke kayan masana'anta da walda suna ta rage musu ciniki, 'ya'yansu da yawa kuma sun kama waɗansu hanyoyi. Narkar da tama ta fi shekara dubu a ƙasar nan, amma cikin rayuwar mutum guda ta ɓace, ba don an hana ba, sai don an daina zama wurin masu ita. Saurayin da ke sha'awar ƙira a yau, guntun dogo da guduma da buhun gawayi ba za su gagare shi ba. Abin da ya rage masa shi ne ya je ya gai da tsohon maƙerin unguwarsu, ya roƙi a ba shi zuga.