Bayani kan gasar harbi da libarba

Libarba ƙaramar bindiga ce mai ganga da ke juyawa, wadda galibi ke ɗaukar harsashi shida. Wani Ba'amurke, Samuel Colt, ya yi wa ƙirarsa rajista a shekarar 1836, kuma a 1873 kamfanin Colt ya fitar da samfurin da ya fi shahara.

A wannan samfurin, sai mai harbi ya ja ƙarfen baya da babban yatsa kafin kowane harbi, domin aikin kunama shi ne sakin ƙarfen kawai. Hakan na rage sauri, to amma kunamar ba ta da nauyi, don haka hannu bai cika gocewa daga saiti ba. Dalili ke nan da ya sa masu gasa suka daɗe suna sonta.

Harbi na cikin wasannin Olympics na farko a birnin Athens a 1896, inda wasu 'yan uwa biyu daga Amurka, John da Sumner Paine, kowannensu ya zo na ɗaya a gasa guda da libarba.

A gasar mita 25 ta hukumar wasan harbi ta duniya, ISSF, ana harbi ne a tsaye, da hannu ɗaya, sau 60. Talatin na farko a natse ake yi: harsashi biyar cikin minti biyar, kuma faɗin da'irar tsakiya mai maki goma santimita biyar ne kacal. A sauran talatin ɗin, daƙiƙa uku ake bayarwa ga kowane harbi, da daƙiƙa bakwai a tsakani. A cikin bakwai ɗin nan ne mai libarba zai sake ɗana bindigarsa. Yanzu dai bindigogi masu ɗura kansu sun fi yawa a wannan gasa.

A masarautar Gwandu kuwa, bindigar da jama'a suka saba gani a fili ita ce ta toka, a hannun mafarauta da 'yan bindigar sarki lokacin hawan Sallah a Birnin Kebbi. Harbin na 'yan bindiga na ƙara ne da hayaƙi, babu abin da ake bara.

Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta bambanta waɗannan bindigogi. Kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da lasisin bindigar toka, amma libarba na cikin jerin makaman da aka haramta, waɗanda shugaban ƙasa ne ke da ikon ba da izinin mallakarsu. Wanda aka kama da ita ba izini na iya fuskantar ɗauri.

Ko a Birtaniya ma, an hana akasarin fararen hula mallakar ƙananan bindigogi a 1997, bayan kisan 'yan makaranta 16 da malamarsu a garin Dunblane a 1996, lamarin da ya tilasta wa wasu 'yan wasan ƙasar zuwa ƙetare domin atisaye.