Fentin gida da kwalliyar fuska: launukan da ake yayi da abin da ya kamata a sani kafin a shafa

 Da an gama kaka, hatsi ya shiga rumbu, sai hankali ya koma kan gyaran gida da shirin bukukuwa. A lokacin ne 'yan ci-rani ke aiko kuɗi a ce a shafe ɗaki a yi fenti, a lokacin ne kuma masu ƙunshi ba sa samun sukuni. Mun tattaro muku bayani kan abubuwan biyu, don a yi ado ba tare da an sayi cuta da kuɗi ba.

Adon gida na gargajiya

Kafin zuwan fentin gwangwani, maginanmu suna da kayansu. Akwai makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa da aka jiƙa, a kwaɓa da ƙasa a yaɓe bango. Tana ba da launin ja mai duhu, tana kuma taimaka wa bango ya jure ruwan sama. Akwai laso, da ake haɗawa da katsin marina da gashin dabbobi daga majema da ruwan dafara. Cikin ɗaki kuwa farar ƙasa ce, mata su jiƙa su shafa da tsumma, wasu su bi gindin bango da jar ƙasa ko bula.

Wanda ya taɓa zagaya unguwar Birni ko Zango a Damagaram ya ga ƙofofin gidaje masu zane da zankwaye, an cike zanen da fari da shuɗi da ja da tsanwa. A birnin Zariya har keke da mota magina sukan zana a fuskar gida, ban da dagi da kowa ya sani. Tsohon garin Agadas, da gine-ginensa na ƙasa, ya shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO a 2013.

Launukan da ake yayi

Abin da ido ke gani yanzu a gidajen siminti da ke bakin babbar hanya, daga Cadawa zuwa Agye har Gazawa, shi ne launuka masu sanyi a waje: ruwan madara, ruwan ƙasa, ruwan toka. Dalili a fili yake, ƙurar hunturu ba ta saurin nunawa a kansu. Fari fat yana da kyau ranar da aka shafa, amma iska ɗaya ta isa ta mai da shi ja. Ƙofa da taga na ƙarfe akan yi musu shuɗi, tsanwa ko baƙi. Wasu kan raba bango biyu: ƙasa, kamar tsawon mita ɗaya, launi mai duhu saboda hannun yara da fantsamar ruwan sama, sama kuma mai haske. Bangon waje da yawa ana fesa masa tiroliyan, siminti mai gurje-gurje da ake zuba wa launi tun wajen kwaɓi.

Ɗakin amarya nan ne ake sakin hannu: ruwan hoda, shuɗi mai haske, ko bango guda mai launi daban da sauran ukun. Shawararmu a nan ita ce a tuna da watan Afrilu. Launi mai duhu yana shan zafin rana, mai haske yana mayar da shi. Kwanon rufi da aka shafa wa fari ya fi wanda ya yi tsatsa sanyi, ɗaki mai ƙaramar taga kuma launi mai haske ne ke ƙara masa gani.

Wane fenti, a kan wane bango

Fenti iri biyu ne a kasuwa. Akwai na ruwa, wanda masu fenti ke kira fom, ana sirka shi da ruwa, yana bushewa da wuri, ba shi da wari sosai. Shi ya dace da bangon siminti. Akwai na mai, mai sheƙi, ana sirka shi da tina ko kananzir, an fi yi wa ƙarfe da katako da shi.

Bangon ƙasa kuwa yana numfashi, danshin da ya sha da damina dole ya fita. In aka rufe shi da fentin mai, danshin ya rasa hanya, sai fentin ya kumbura ya ɓare har da ƙasar. Farar ƙasa ko makuba sun fi masa. Sabon shafen siminti shi ma a ba shi kamar sati 4 ya bushe sarai. Gaggawar biki ce ke sa a ga fenti yana ɓarewa kafin amarya ta yi wata uku.

Ga lissafi ga mai aiko kuɗi daga nesa. Ɗaki mai mita 4 tsawo, 4 faɗi, 3 bisa, bangonsa huɗu murabba'in mita 48 ne. A cire ƙofa da taga, saura wajen 44. Shafa biyu ya zama 88. Lita ɗaya kan rufe murabba'in mita 8 zuwa 10 a bango mai santsi, ke nan wajen lita 10 ta isa. Bango mai gurje ya fi haka sha. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan ɗaukewar ruwa, kafin ƙura ta yi ƙarfi.

Gubar dalma

To, a nan ne muke roƙon a saurara da kyau. Wasu fentin mai, musamman ruwan ɗorawa, ja, ruwan goro da tsanwa, da jan fentin da ake sa wa ƙarfe don hana tsatsa, akan haɗa su da dalma. Idan fentin ya tsufa yana zuba, ƙurarsa na sauka ƙasa inda yaro ke rarrafe, ya kai hannu baki. Dalma na taɓa ƙwaƙwalwar yaro, ta rage masa fahimta, ta jawo ƙarancin jini, in ta yi yawa har suma da mutuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma da za a ce ba ya cutarwa a jiki, kuma yara 'yan ƙasa da shekara 6 da mata masu ciki su suka fi shiga haɗari. Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga ƙarshen abin a 2010, lokacin da yara sama da 400 suka rasu saboda ƙurar dutsen zinariya mai dalma da ake daka a cikin gidaje.

Ma'aunin da Majalisar Ɗinkin Duniya ke ba ƙasashe shawara shi ne kada dalma ta wuce kashi 90 cikin miliyan a fenti. Ido ba ya gane ta, don haka:

A duba gwangwani ko an rubuta cewa babu dalma, a guji fentin da aka juye a gora ba suna ba tambari.

Cikin ɗakin kwana a yi amfani da fentin ruwa, shi ba a cika sa masa dalma ba.

Kada a kankare tsohon fenti a bushe. A jiƙa shi, a fitar da yara da mai ciki, a share da jiƙaƙƙen tsumma.

Bokitin fenti ba na ruwan sha ba ne, ba na fura ko jiƙon gero ba, ko an wanke shi sau nawa.

Kwalliyar fuska

Ita ma tana da tarihi. Iyayenmu mata sun yi zane a goshi da kumatu da katambiri da 'ya'yan gauɗe, baƙi ne da ke gogewa bayan 'yan kwanaki. Wodaɓen yankin Dakoro da Bermo, wajen rawar Gerewol, samari ne ke shafe fuska da ja ko ruwan ɗorawa, su ja farin layi daga goshi zuwa haɓa, su baƙanta leɓe don haƙori ya fito. Yau kuma yara na son tutar ƙasa a kumatu, ruwan goro da fari da tsanwa, ranar 3 ga Agusta ko 18 ga Disamba, ko in Mena na wasa, ko lokacin kokawar takobi. Ga Sallah ana iya yin ɗige uku a gefen ido, ƙaramin dagi a goshi, ko fure a kumatu. Farar ƙasa mai tsabta da hoda da jan baki sun isa. Fentin bango, na mota da tawadar maka ba sa hawa fatar mutum.

Abu biyu ne ke buƙatar hattara. Na farko baƙin lalle. Lallen gaskiya ja yake bayarwa, kuma sai ya ɗauki awoyi. Wanda ke baƙi wuluk cikin rabin awa galibi an haɗa shi da rinin gashi mai sinadarin PPD, wanda kan sa ƙaiƙayi da ƙuraje masu ruwa, wani lokaci bayan sati ɗaya ko biyu, ya bar tabo daidai siffar zanen. Wadda ya taɓa ƙonawa ta rabu da shi har abada, karo na biyu ya fi muni. Uwar amarya, a gwada ɗan kaɗan a cikin gwiwar hannu kwana 2 kafin ranar ƙunshi, kuma kada a kai shi fuska. Jarirai kuwa ko jan lalle a ɗaga musu, don yana iya fasa jinin wasunsu.

Na biyu kwallin dutse. Mafi yawan dutsen mai ƙyalli da ake niƙawa ma'adinin dalma ne. A 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka sun sami dalma a jinin wani jariri ɗan wata 6, ɗan asalin Najeriya. Da aka auna kwallin da ake sa masa, kashi 82 da ɗoriya cikin ɗari dalma ce. Jariri na murza ido ya tsotsi hannu, ta nan take shiga. Kakanni da ungozoma, mun san al'ada ce ranar suna, amma idon jariri ba ya buƙatar kwalli. 'Yan uwa na waje, ku ma kada a sa shi cikin tsarabar mai jego.

In fata ta kumbura bayan ƙunshi, a wanke da ruwa da sabulu, kada a fasa ƙurajen, a tafi likita. Yaron da aka gani yana cin ɓarɓashin fenti, ko yana yawan ciwon ciki da kasala bayan an yi aikin fenti a gida, a kai shi a gaya wa ma'aikacin lafiya abin da ya faru. Wanda ya karanta ya karanta wa na gida. Allah ya sa a yi bukukuwa lafiya.