Dinaren Banu Umayya da Yadda Ake Tantance Shi

Dinare shi ne kuɗin zinare na daulolin Musulunci na farko. A shekara ta 77 bayan Hijira, wajen 697 Miladiyya, Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya fitar da sabon samfurinsa. Kafin nan kuɗin Rumawa masu hoton sarki ake kwaikwaya. Shi kuwa ya cire hoto, ya bar rubutun Larabci zalla: kalmar shahada, wani sashe na Suratul Ikhlas, da shekarar bugawa. Nauyinsa kusan giram 4.25 ne, kuma da shi malamai da yawa suka ƙiyasta nisabin zakkar zinare, dinare 20, a giram 85.

Masu tara tsofaffin kuɗi kan duba nauyi da salon rubutun Kufi, amma shekara ce madogara, domin dinaren ba ya ɗauke da sunan halifa, kuma galibi babu sunan garin da aka buga shi. Shi ya sa na shekara ta 105 mai ambaton ma'adinin Amirul Muminina a Hijaz ya yi tsada: an sayar da ɗaya a Landan a 2011 kan fam miliyan 3.7.

Shekarar ma kan ruɗar da mutum. Sarki Offa na Marsiya a Ingila, Kirista, ya sa an kwaikwayi dinaren Halifa Mansur na Abbasiyawa har da shekararsa, 157. Maƙerin bai iya Larabci ba, sai ya saka sunan Offa a kife tsakanin layukan.